KUNYAR GONA DA KUNYAR IDO: ME KE SA MUTUM YA YI RUBUTU?

Ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in tattauna wata tambaya wadda ta hana ni sakat tun daminar 2025, watau shin aikin da mutum ya yi don kada a yi masa dariya yana da wata daraja, ko kuwa sai wanda ya fito daga zuciya tsantsa? A gonar Baffana na gamu da tambayar nan, ina riƙe da fartanya, kuma kafin in kai ga ɗan abin da na fahimta dole ne in tona wa kaina asiri, domin Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Asalin maganar shi ne, mu bakwai daga cikin 'yan wannan ƙungiya muka yi alkawari kafin mu tafi hutu cewa kowannenmu zai rubuta littafin ƙagaggen labari cikin kwana 30, daga 1 zuwa 30 ga watan Agusta. Dabarar aro muka yi. A ƙasar Amurka aka fara ta cikin 1999, sa'ad da wani mutum mai suna Chris Baty da abokansa, su 21, suka ɗaura wa kansu rubuta littafi cikin wata guda. Daga shekarar 2000 aka mai da abin watan Nuwamba, ya shahara da sunan NaNoWriMo, sharaɗinsa kuwa shi ne kalma 50,000, watau kimanin 1,667 kowace rana. Abin ya bunƙasa har dubban ɗaruruwan mutane suka riƙa shiga, kafin ƙungiyar da ke gudanar da shi ta ba da sanarwar rufewa a ƙarshen watan Maris na 2025. Mu da muka san iyakar ƙarfinmu sai muka rage nauyin zuwa kalma 30,000, dubu ɗaya a rana, muka kuma yarda cewa kowa zai aika wa sauran da adadin abin da ya rubuta ta waya bayan sallar isha'i. Ba kyauta, ba alƙali. Abin da ke akwai kawai shi ne idon juna.

Ni a ƙauyenmu na yi hutun, cikin ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano. Wanda bai san wannan yanki ba ya sani cewa a wurinmu babu daji. In ka bar ƙofar gidanku sai gona, in gona ta ƙare sai gidan wasu, kuma ƙasar da kakanninmu suka noma ita mu ke nomawa kowace shekara ba hutu, sai dai a ciyar da ita da takin awaki da toka da sharar gida. Wannan cunkoso na mutane da gonaki kewaye da Kano shi ne abin da masani Michael Mortimore ya yi nazari a kansa, har shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto cikin 1965. Abin da wannan ke nufi ga mutanenmu shi ne, taku ɗaya na ƙasa yana da mai shi, itacen gawo ko ɗorawa ko kuka ma yana da mai shi, kuma duk sa'ad da aka raba gado gonar sai ta ƙara tsukewa. Haka nan hannun kowane namiji yana da lissafi a gandu, balle a watan marka da ciyawa ke tsere da dawa.

Cikin wannan hali na isa gida da littattafan rubutu guda shida da biro, na gaya wa Baba abin da na ɗauko. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Aikin makaranta ne?” Na ce, “Kusan haka ne, Baba.” Ya ce to, in riƙa fita gona da safe zuwa hantsi, sauran yinin nawa ne. Yayana bai ce kome ba, amma na san kunyoyin da na bari shi zai ƙarasa su.

Kwana goma na farko abin ya zo mini da sauƙi ƙwarai. Na kan zauna a zaure bayan azahar in rubuta har la'asar, da dare kuma in ci gaba da hasken fitila, in ƙirga kalmomin layi guda in ninka da yawan layuka, in aika da adadi ina jin kaina. Labarin wani saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki, irin wanda kowa ya taɓa karantawa. A rana ta goma sha ɗaya sai rijiya ta ƙafe. Saurayin nawa ya isa tashar mota ya tsaya, ni ma na tsaya, ban san abin da zai yi ba, ban kuma damu da shi ba. Daga nan na shiga yin abin da zan kira algus. In mutum biyu sun haɗu cikin labarin sai in sa su gaisa tun daga kwana har gajiya, da iyali, da damina, da labarin kasuwa, in cika shafi guda ba a faɗi kome ba. A rana ta goma sha uku kalma 400 kawai na iya, amma da na ga abokaina sun aiko da dubu da ɗari biyu, da dubu da ɗari biyar, sai na rubuta 1,100 na aika. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma na maimaita ta sau uku. Ba wanda zai zo ƙauyenmu ya ƙirga, ba kuma ko kwabo da zan samu. Kunyar ido ce kurum ta sa na tauye mudu.

Sa'an nan na sami mafita wadda ta fi ƙaryar muni. Akwai wata tsohuwar tsama tsakanin Baba da ƙanensa, watau Baffana, a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu tun da aka raba gadon kakanmu. Kowane ɓangare na cewa kalwar tasa ce, an kuma taɓa zargin cewa an matsar da gamban da ke nuna iyaka. Shekara da shekaru suna gaisawa a masallaci, amma ba mai shiga zauren wani. Sai na dawo da saurayina gida daga tasha, na ba shi baffa, na ɗauki Baffana sukutum na zuba cikin littafin, har da yadda ya ke gyaran murya kafin ya yi magana. Na mai da shi maci amana, mai cin iyaka da dare, mai baƙin ciki da ɗan ɗan'uwansa. Jama'a, biro ya riƙa gudu kamar an kore shi. Rana ɗaya na yi kalma 2,300, na gaskiya wannan karon, abokaina suka yi ta yaba mini.

Ana cikin haka zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Baffa. 'Ya'yansa maza ƙanana ne, babban kuma yana ci-rani a kudu, ga gonar dawarsa ba a yi mata maimai ba, ciyawa ta kai gwiwa. A rana ta ashirin da biyu ga alkawarinmu, Baba ya kira gayya. Gayya ta yi ƙaranci a zamanin nan domin ƙwadago ya maye gurbinta, amma don mara lafiya mutane sun fito, mun kai mu ashirin. Inna da matan gida suka dama fura, wani dattijo ya kawo gangarsa. Aka jera, kowa ya kama kunyarsa, aka saki kiɗa. A nan na ga abin da ya ba ni mamaki game da kaina. Ni da na kan gaji kafin hantsi a gonarmu, ran nan ban san inda ƙarfi ya fito ba, don kuwa na dama da na hagu suna gaba, 'yammata masu kawo ruwa suna kallo, kuma ba namijin da zai so a ce shi aka bari a baya. Kafin la'asar an gama gonar da za ta ci mutum biyu mako guda. A daren ban rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma karo na farko na aika da sifiri.

Washegari da asuba na ga Baba ya saɓa fartanya ya nufi gonar Baffa. Na bi shi na ce, “Baba, ba jiya aka gama ba?” Ya ce, “'Yan gayya sun nome abin da a ke gani daga hanya. Ciyawar da ke gindin dawa sai mai gona, mai gona kuwa yana kwance.” Muka bi kunya kunya. Sai ga wuraren da masu sauri suka ja ƙasa suka rufe ciyawa ba su sare ta ba, wadda ruwa ɗaya zai tashe ta. Na sunkuya a kan kunyar da ni na noma jiya, na tarar ta fi kowace yawan irin wannan rufa-rufa. Da muka zo gindin ɗorawar nan Baba ya tsaya ya ce mini, shekarar da ya yi jinya ina goye, Baffa ne ya noma gonarmu shi kaɗai har ya ɗaure gero ya kai rumbu, kuma a lokacin ma ba sa ga maciji a kan itacen nan. Bai ƙara kome ba, ya ci gaba da aiki. Ni kuwa a gida ina da shafi sittin da suka ce mutumin nan ba shi da alheri ko na ƙwayar zarra.

To, a nan ne tambayar tawa ta tsaya da ƙafafunta. Mai karatu zai lura cewa kalmar kunya biyu ce a harshenmu, akwai ta gona wadda a ke nomawa, akwai ta ido wadda a ke ji. A wurin gayya ta biyun ce ke tura mutum a kan ta farkon. Alkawarinmu na kwana 30 shi ma gayya ne, adadin da mu ke aikawa shi ne gangar. Shin wannan turi abin yabo ne ko abin zargi?

Masu zargi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ni ne shaidarsu. Za su ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma duk aikin da aka auna da ƙirga, ƙirgar za a bauta wa. Ga shi kuwa ƙirga ta sa na yi ƙarya, ta sa na cika shafi da gaisuwa, ta kuma sa na zalunci mutumin da ya ciyar da ni, domin mugu zalla ya fi sauƙin rubutawa da sauri a kan mutum na haƙiƙa wanda ke da alheri da sharri a cakuɗe. Za su ƙara da cewa hadisin farko cikin Arba'una na Imam Nawawi ya koya mana cewa niyya ita ce ma'aunin aiki, wanda kuwa ya yi abu don a gani, ganin shi ne ladansa. Riya tana kama da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, domin tun yana ƙarƙashin ƙasa ya ke kama saiwar dawa yana tsotsa, kafin furensa ya fito a gan shi ya riga ya yi ɓarna. Daɗin daɗawa, a zamanin nan da na'urar ƙirƙirarriyar basira ke iya zubo kalma 30,000 kafin shayi ya huce, wace fahariya ta rage ga mai yawan kalmomi?

Amma masu yabo su ma ba a bar su hannu rabbana ba. Shekara uku na yi ina ce wa mutane zan rubuta littafi, ban taɓa wuce shafi biyar ba, ina jiran ranar da ilhama za ta sauko. Cikin wata guda na idon abokai na yi abin da shekara uku na kyakkyawar niyya ba su yi ba. Kuma in mun duba tarihin ƙagaggun labaranmu na boko, za mu ga cewa da gayya aka haife su. Cikin 1933 ne Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana kiran malamai su shiga gasar rubuta labari, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam a lokacin yana ɗan shekara 22, watau sa'anmu ne. Har ila yau, cikin wata shida da ya yi a Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. Gasar kamfanin NNPC ita ta fito mana a 1980 da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, wanda ke ɗauke da sunan ƙasarmu. Gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Daga 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata, wadda ta fito da mata marubuta da dama. Wa zai ce duk waɗannan mutane ba su da son a yaba musu ko su zo na ɗaya? Wa kuma zai ce don haka aikinsu banza ne? Manomi ma da wa'adi ya ke aiki, don damina ba ta jiran wanda ke jiran nishaɗi.

Abin da na fahimta, bayan na daɗe ina juya maganar Baba, shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Kunyar ido ƙarfin aro ce. Tana iya tashe ka daga tabarma, ta kai ka bakin gona, ta kai ka ƙarshen kunya kafin rana ta faɗi, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga rago irina. Da ba don gayya ba da gonar Baffa ta mutu, kome kyan zuciyar Baba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ido iyakarsa abin da ya ke gani. Ba ya leƙa gindin dawa, ba ya sanin ko an sare ciyawa ko an binne ta, ba ya kuma tambayar ko mutumin da ka zana cikin littafi ka yi masa adalci. Wannan aiki na biyu ba shi da ganga, ba shi da masu kallo, kuma ba mai yin sa sai wanda ya ɗauki gonar tasa ce. Kuskurena shi ne na zaci gayya ita ce noma gaba ɗaya, na zama ɗan gayya a gonar kaina.

Saboda haka ban yarda da wanda zai ce kada a fara aiki sai niyya ta tsarkaka ba, domin mai jiran haka zai mutu bai ɗauki fartanya ba. Malamanmu su kan ba da labarin wasu magabata da suka shiga neman ilmi da wata manufa ta duniya, ilmin da kansa ya gyara musu niyya a kan hanya. Ina ganin rubutu ma haka ya ke. Don kunya na fara, amma da ban fara ba da ban kai ga shafukan da suka nuna mini zaluncina ba. Niyya ita ma gona ce, tana bukatar noman fari da maimai. Sharaɗin dai shi ne mutum ya koma da asuba, sa'ad da makaɗi ya tafi, ya bi sawun kansa.

Akwai kuma maganar hakki, wadda ba mu cika tattauna ta ba a tarukanmu. Mu kan yi magana a kan ilhama kamar daga sama ta ke faɗowa kyauta, alhali kowace sa'a da na zauna a zaure ina rubutu, Yayana yana duƙe a rana yana biyan kuɗinta, kuma kowane shafi mai rai da na samu daga rayuwar wani na yanko shi. A ƙasa irin tamu, inda ba taku ɗaya da ba shi da mai shi, labari ma yana da masu shi. Ban ce kada marubuci ya taɓa abin da ya gani a gida ba, don in ya bar wannan me zai rubuta? Amma wanda ya ci iyakar mutane ya shigar da su cikin littafinsa, mafi ƙarancin abin da su ke bin sa shi ne gaskiya cikakkiya, da alherinsu da aibinsu, da kuma sutura a inda sutura ta wajaba. Ni da na zargi Baffa da matsar da gamba, ni ne na matsar da iyakar mutuncinsa don in cika dubu ɗaya ta ranar.

Ranar 30 ga Agusta na zauna na ƙirga da gaskiya, na sami kalma 24,000 da 'yan kai, watau ban cika alkawari ba. Na aika wa abokaina da wannan adadi, na kuma gaya musu ranakun da na yi ƙari. Biyu daga cikinsu suka amsa cewa su ma sun yi. Baffa ya sami sauƙi, har ya zo zaurenmu ya yi godiya, ko da ya ke maganar ɗorawa tana nan inda ta ke. Littafin yana cikin akwatina, ina bin sa shafi shafi a hankali, na cire gyaran muryar nan da duk wata alama da za ta sa a gane mutum, baffan cikin labarin kuma yanzu yana da shekarar da ya noma gonar ɗan'uwansa. Abin mamaki, tun da na ba shi wannan alheri labarin ya fi wuyar rubutawa, ya kuma fi daɗin karantawa.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu sake kiran wannan gayya a hutu mai zuwa, mu ƙara yawa, har da 'yan'uwanmu mata. Amma mu sa mata wata na biyu wanda ba a aika adadi a cikinsa, kowa ya ba ɗan'uwansa abin da ya rubuta a karanta a gaya masa inda ya binne ciyawa. Wanda kuma ya ga na kauce a cikin wannan tunani, filin mujallar nan a buɗe ya ke, ya gyara mini. Allah Ya gyara mana niyyoyinmu, Ya sa albarka cikin alƙalumanmu da gonakin iyayenmu, amin.